Akwatin Gem da Na Gina a Gida da Zanen Mutumin da Ban Taɓa Gani Ba

Zanen da na yi aiki da shi wani Ba'amurke ne ya yi shi, ya sa a intanet kyauta, bai nemi ko sisi ba. A ciki akwai awon kowane allo na akwatin gem irin wanda ake tsayawa a gabansa a buga, da hotunan aikin tun daga yankan katako har zuwa fenti, sannan a ƙarshe ya jera kurakuran da ya tafka. Na buga shi a takarda, na yi makonni ina nazari kafin na sayi ko da ƙusa ɗaya.

Wannan al'ada ta musayar zane ta bunƙasa ne bayan 1997, shekarar da Nicola Salmoria, ɗan ƙasar Italiya, ya fitar da manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injinan tsofaffin wasanni domin kada su ɓace idan allunan lantarkinsu sun mutu. Da mutane suka ga wasannin suna aiki a kwamfutar gida, sai suka fara ƙera musu jiki irin na asali. Zuwan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a 2012, da manhajar wasanni ta RetroPie da aka shirya mata daga baya, ya rage kuɗin aikin ƙwarai. Tsarin da masu wannan sha'awa suka ɗore a kai shi ne duk wanda ya gina nasa ya rubuta yadda ya yi, wani ya ɗauka ya gyara ya ƙara, shi ya sa za ka tarar da zane guda ya bi ta hannun mutane da dama a ƙasashe daban-daban.

Na kai takardun wurin wani dattijon kafinta a unguwarmu a Kano. Ya daɗe yana duba su, sannan ya ce, “Malam, mai wannan zanen katakonsa ba irin namu ba ne.” Gaskiyarsa. An yi zanen ne da inci, a kan allon MDF, wanda ake yi da matsattsen garin katako, mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19 da ɗan ɗoriya, alhali wanda muka samu a kasuwa milimita 18 ne. Milimita ɗaya ba ta cika ido ba, amma duk inda aka fafe gurbi domin allo ya zauna a cikin wani, sai ya yi lako-lako. Muka zauna da biro muka mayar da kowane awo milimita, muka sake lissafa gurabe. Robar da zanen ya ce a cusa a gefen allunan ma ba mu same ta ba, balle bakin injin da ke yanka mata siririn layi, don haka Baba kafinta ya liƙa tef ɗin gefe irin wanda yake sa wa kabad, kuma ya yi kyau.

Inda na yi asara shi ne allon maɓallai, kuma laifin nawa ne. Kusan duk bayanan da na karanta sun ce a fara gwada jerin maɓallan a jikin kwali, a ɗora hannu a ji, sannan a jira kayan su iso kafin a huda katako. Ni kuwa ɗoki ya sa na huda tun kayan suna hanya. Zanen ya ce ramin ya zama inci ɗaya da kashi ɗaya cikin takwas, kimanin milimita 28 da rabi, domin mai zanen maɓallan Amurka ya yi amfani da su, masu dogon jiki da noti da ake ɗaurewa ta ƙasa. Ni na yi odar na Japan, na kamfanin Sanwa, waɗanda raminsu milimita 30 ne, kuma gajeru ne masu 'yan kunnuwa da ke maƙalewa a siririn farantin ƙarfe, ba a katako mai kauri ba. Ramuka goma sha shida na huda, babu ko ɗaya da ya karɓi maɓalli. Mai zanen bai yi kuskure ba, bai dai ga dalilin faɗin abin da kowa a wurinsu ya sani ba. Mafitar a bayanin wani magini daban na same ta, wanda ya faɗa irin wannan rami kafin ni ya kuma ɗauki hoton allonsa da ya lalace: a fafe katakon ta ƙasa a yi manyan ramuka, a ɗora siririn faranti a sama wanda maɓallan za su kama. Tun daga ranar na daina auna bayani da kyawun hoton ƙarshe, na koma duba ko marubucin ya nuna inda aikin ya ƙi masa.

Haɗa wayoyi bai ba ni wahala ba. Kowane maɓalli yana da ƙafa biyu, ɗaya tana tafiya zuwa ƙaramin allon da ke isar da dannawa ga kwamfutar ta USB, ɗayar kuma ta wayar da masu gyaran lantarki ke kira “ground” ce. Sandar sarrafawa ce ta koya mini abin da ban zata ba. Pac-Man na kamfanin Namco na 1980 da Donkey Kong na Nintendo na 1981 an yi su ne da sanda mai zuwa ɓangare huɗu kawai, yayin da Street Fighter II na Capcom na 1991 ke buƙatar ɓangare takwas da maɓalli shida ga kowane ɗan wasa. Idan ka buga na farkon da sanda mai takwas, sai ka ga ɗan wasanka ya ƙi juyawa a kwana, ka ɗauka manhajar ce ta lalace. A ƙarƙashin sandar Sanwa akwai wani farantin roba da ake juya tsakiyarsa ya koma huɗu, kuma ba a takardar kamfani na koyi haka ba, a bidiyon wani magini ne. Wajen abin da zai nuna hoton wasan kuwa, tsohuwar talabijin mai ƙeya ban kusance ta ba, domin duk bayanan sun yi gargaɗi cewa tana riƙe wuta mai ƙarfin dubban volt ko bayan an cire ta daga soket. Tsohon allon kwamfuta mai kusan murabba'i na saka.

Akwai abubuwa uku da babu zanen da ya ambata, saboda marubutan ba sa rayuwa da su. Sau biyu ɗaukewar wuta tana lalata mini katin memori, domin Raspberry Pi ɗin da na sa a akwatin ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu a katin, har sai da na haɗa mata ƙaramin batir na kuma ajiye kwafin katin a gefe. Zafin bazara ya sa na huda bayan akwatin na sa fanka, ƙurar hunturu kuma ta tilasta mini rufe ramin da raga mai laushi. MDF yana kumbura idan ya sha ruwa, don haka kafin damina muka yi masa ƙafafun roba muka shafe gindinsa da fenti sosai.

Waɗannan duka na rubuta su da Hausa, da awo a milimita, da hoton allon nan mai ramuka goma sha shida a shafin farko, na sa a inda na ɗauko na asali tare da godiya ga mai zanen. Na kai wa Baba kafinta kwafi ɗaya. Ya riga ya yanke samfurin gefen akwatin a jikin filawud ya rataye a bangon shagonsa, kuma a makon jiya wani matashi mai gyaran waya ya zo ya aro takardun, yana so ya yi ƙarami wanda za a ɗora a kan tebur.