Abin da daba ta nuna min game da tsaron Kano

Na yi daba tun ina saurayi, yau kuma ina cikin kwamitin tsaron unguwarmu da mai unguwa ke jagoranta. Duk sanda aka zauna kan barazanar da ke tafe, hankalin jama'a sai ya tafi barikin Bukavu da dajin Falgore da iyakarmu da Katsina. Ni kuwa nawa hankalin yana kan kangon da ke bayan layinmu.

Masu kallo daga waje sun ɗauka daba hauka ce da zare ido kawai. Wallahi tana da tsari. Akwai oga wanda bai cika riƙe wuƙa ba. Akwai dila mai kawo wiwi da ƙwaya, da mai karɓar wayar ƙwace cikin dare, da yara 'yan ƙanana masu gadin bakin lungu, da wanda zai je beli in an yi kamu. Mu masu riƙe makamai irin su ɗanbida da gariyo mu ne a ƙasa, mu ne kuma ake binnewa. Lokacin zaɓe motar bas za ta tsaya, a miƙo ledar ƙwaya da damin kuɗi, mu shiga. Ban taɓa jin wani cikinmu ya tambayi wa ya biya ba. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci har yanzu: runduna ce a shirye, ta san kowane lungu, mai kuɗi kawai take jira.

Bayan harin Juma'ar 20 ga Janairu 2012, da Boko Haram ta kai wa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da wasu ofisoshin tsaro aka rasa rayuka sama da 180, wani baƙo ya zo dabarmu. Bai yi wa'azi ba, bai nuna bindiga ba. Ya zauna a kan benci, ya saya mana shayi, ya ce abin da yake so kawai a riƙa faɗa masa lokacin da motar sintiri ke wucewa. Oga ya kalle shi ya ce, "Malam, tashi ka bar nan." Da a ce ranar aljihun oga a bushe yake, Allah kaɗai ya san amsar da zai bayar.

Dattawa sun ga irin wannan. Maitatsine shekaru ya yi yana tara matasa a 'Yan Awaki a kan idon kowa, sai a Disambar 1980 aka kai ga kiran soja, mutum fiye da 4,000 suka mutu. Soja yana zuwa ne bayan gini ya riga ya tsaya.

Shi ya sa a kwamiti na dage kan abubuwan da wasu ke rainawa. Mai gidan haya ya kai baƙonsa gaban mai unguwa. Mai kango ya sa ƙofa ko ya sa mai gadi. Dila kuma a kai maganarsa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ban yarda a yi masa taron dangi ba, domin duka ba ya toshe hanyar kaya.

Mafi wuya shi ne tubabbu. A 2023 'yan sandan Kano sun buɗe ƙofa ga masu ajiye makami, na kuma yaba. Amma yaron da ya miƙa addarsa ya dawo gida ba sana'a, maƙwabta na nuna shi da baki, tsohuwar dabarsa na kiransa maci amana, wata nawa zai jure? Yanzu yara biyu ne a hannuna. Ɗaya wani mai walda ya karɓe shi. Ɗayan duk garejin da na kai shi, da sun ga tabon sara a wuyansa sai su ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, yara sun yi mana yawa."