Abin da na koya a shagon Baba game da tsohuwar bindiga mai baki biyu

Shekara huɗu na yi a shagon wani dattijo mai gyaran bindigogin mafarauta, muna ce masa Baba. Yawancin abin da ake kawowa harba-ka-ruga ce ƙirar maƙeranmu. Amma jifa-jifa wani kan shigo da mai baki biyu a naɗe cikin tsumma, ya ce a duba masa kafin ya biya kuɗi. A kan irin waɗannan na fi koyon aiki.

Baba ba ya taɓa bindiga sai ya ga lasisinta, ya gwada lambar takarda da ta jikin ƙarfe. Lambar kan fito a bututu, a uwar bindigar (wato ƙarfen da ke ɗauke da kunama), da ƙarfen katakon gaba. In suka saɓa, an yi haɗe-haɗe ke nan.

Wata rana wani mafarauci ya kawo ƙirar Ingila, an goge ta tana ta walƙiya. Na ce, "Baba, wannan ai sabuwa ce fil." Bai tanka ba. Ya cire katakon gaba, ya zare bututun, ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da ɗan itace. Ya ce, "Saurara, ɗana." Sai na ji ƙara kamar ta fasasshiyar ƙwarya. Ya ɗauko wani bututu daga bango ya buga, ya yi amo kamar ƙararrawa. Bututun biyu da dalma aka liƙe su da siririn ƙarfen da ke tsakaninsu, sama da ƙasa. In liƙin ya saki, ruwa ya shiga, tsatsa na cin ƙarfe ta inda ido ba ya kaiwa, sai kunne.

Daga nan ya juya bututun ya nuna mini ƙananan tambura a ƙarƙashinsa. A Ingila doka ba ta yarda a sayar da bindiga ba sai gidan gwaji ya harba ta da harsashi mai ƙarfin da ya wuce na kullum, ya buga mata hatimi. Na birnin Bamingham tun 1813 yake wannan aiki. Kambi da haruffan BNP hatiminsu ne daga 1954, yana nuna an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi. Sai dai hatimi shaidar ranar gwaji ce kawai. Cikin bututun da ake kiran girmansa lamba 12 faɗinsa inci .729 ne a ƙa'ida. In tsatsa ta yi masa zanzana, wasu kan kankare cikin har ya yi sumul, ramin ya ƙara faɗi, bango ya sirance. Tun daga ranar, tsohon bututu mai ƙyalli fiye da shekarunsa tsoro yake ba ni.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne wani ɗan rubutu kusa da hatimin: 2½. Tsawon mazaunin harsashi ke nan, inci biyu da rabi, wanda ake kira na milimita 65, kuma haka tsofaffin bindigogin Ingila da yawa suke. Harsashin da ya cika kasuwa kuwa na milimita 70 ne. Matsalar ita ce yana shiga lafiya lau, bindiga ta rufe, domin tsawon da ake rubutawa na bayan bakinsa ya buɗe ne. Sai an ja kunama bakin ya rasa wurin buɗewa sosai, matsi ya ƙaru. A tsohon ƙarfen da ya sirance, wajen da hannun hagu ke riƙe, wannan ba abin wasa ba ne. Mutanenmu da yawa ba su san da zancen ba, kuma duk wanda na samu sai na gaya masa. Haka bututun da ke da zane kamar igiya a murɗe, wanda ake kira damaskas: na zamanin baƙin albarushi ne, Baba ba ya yarda a sa masa harsashin yanzu in babu hatimin sabon gwaji.

Sauran dubawar ba ta da wuya. A mayar da bututu ba tare da katakon gaba ba, a girgiza. In ya yi kwarkwar, ko haske ya ratsa tsakaninsa da uwar, mahaɗa ta cinye. A ɗaga shi ga rana a nemi kumburi ko lotsawa. A duba katako daidai inda ya haɗu da ƙarfe, don hunturunmu na busar da itace ya tsage a nan, tsohon mai kuma ya ruɓar da shi.

Baba ya ce wa mafaraucin, "Malam, mayar wa mai ita." Ransa bai so ba, don ya riga ya ƙwallafa rai a kanta. Bayan mako biyu ya dawo da wata Baikal ƙirar Rasha, duk jikinta ƙarzuna, an buga mata 12/70, wato girman lamba 12 da mazaunin milimita 70. Baba ya miƙo mini zaren ya ce in rataya da kaina. Na buga, ta yi amo, na duba mahaɗa ba motsi. Ita ya saya.