Abin da na koya a gonar inabin Tempranillo

Da na je koyon aikin gona a yankin Rioja na ƙasar Sifaniya, na ɗauka babu ruwana da maganar ɗanɗano tunda ba na shan giya. Ashe tun daga gona ake fara ta. A watan Satumba, gab da girbi, dattijon da ke kula da gonar ya miƙo mini ƙwayar inabi ya ce: "Ɗana, tauna a hankali, ka tofa 'ya'yan a tafin hannunka." Idan kore ne masu ɗaci, inabin bai nuna ba, idan sun yi ruwan ƙasa suna ƙaras-ƙaras a haƙori, lokaci ya yi. Ɓawon kuwa baƙi ne, baurinsa kamar na goro, yana kama baki. Wannan baurin ne ke sa giyar ta jure shekaru ba ta lalace ba.

Sunan Tempranillo daga kalmar temprano ya fito, wato "da wuri", don yana riga Garnacha, wani irin inabin, nuna da makonni. Raunin sa tsami ne: a wuri mai zafi yakan yi zaƙi, tsamin ya gudu. Shi ya sa ya fi jin daɗin tudu irin na yankin Ribera del Duero na Sifaniya, mai tsayin wajen mita 800, inda rana ke ƙuna dare kuma ya yi sanyi. A can Tinto Fino suke ce masa, a La Mancha Cencibel, a Fotugal kuma Tinta Roriz. Na yi mako guda ina rubuta su a matsayin iri daban-daban kafin a gyara mini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙamshi. Masu ɗanɗanawa suna ambaton ceri, ganyen taba, jimammiyar fata, banila da kwakwa. Na shinshina inabin har na gaji, ban ji kwakwa ba. Ashe banila da kwakwa daga gangar da ake ajiye giyar suke, mai cin lita 225, wadda akasari ake yi da katakon oak na Amurka. Fata da taba kuwa daɗewa ke kawo su. Da daɗewar ake rarraba giyar: wadda ake kira Crianza tana shekara 2, Reserva 3, Gran Reserva kuma 5, biyu daga cikin biyar ɗin aƙalla a ganga. Tun daga ranar, a littafina na raba shafi biyu: abin da gona ta bayar a dama, abin da ganga ta ƙara a hagu.