Jadawalin Aiki Ne Maganin Farko ga Ma'aikatan Lafiya a Lokacin Annoba

Da zarar annoba ta ɓarke, ofishin da ke jagorantar yaƙi da ita yakan san adadin gadaje, da kwalayen safar hannu, da litar man da ke cikin kowace mota. Amma tambayi shugaban tawaga awa nawa jami'insa na sa ido ya yi barci a makon jiya, sai ka ga ya yi shiru. Alhali wannan lissafin ne ke nuna ko tawagar za ta kai wata na uku da ƙafafunta.

Ma'aikatan da nake magana a kansu ba likitoci da malaman jinya na gefen gado kaɗai ba ne. Akwai masu bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da mai cutar, da masu ɗaukar samfur, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da masu shigar da alƙaluma a kwamfuta har tsakar dare, da masu wayar da kan jama'a, da direbobi, da masu yi wa gawa sutura. Su ba a cika ganinsu a talabijin ba, shi ya sa ma ake mantawa da su idan an zo maganar tallafi.

A tsakanin Maris da Afrilun 2021, hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tambayi irin waɗannan ma'aikata 26,174 halin da suke ciki. Fiye da rabinsu sun ce a makonni biyun da suka gabata sun ji alamun aƙalla ɗaya daga cikin ciwon damuwa, ko fargaba, ko firgitar da ke biyo bayan tashin hankali, ko tunanin kashe kai. Wajen takwas cikin ɗari ne suka ambaci tunanin kashe kai. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne, alamun sun fi yawa ga waɗanda ba su samu damar ɗaukar hutu ba, kuma suna ƙaruwa daidai da yawan awannin aiki a mako. Wato matsalar ba raunin zuciya ba ce. Tsarin aiki ne ke haifar da ita, kuma tsari abu ne da ake iya gyarawa da biro da takarda.

Me ke cin mutum a wannan aiki? Na farko, ba shi da ranar ƙarewa. A cutar Ebola, duk wanda ya yi mu'amala da majinyaci sai an duba shi kullum har kwana 21. Mai bibiya zai kai mutum talatin kwana na goma sha tara, sai ɗaya ya fara zazzaɓi, a tabbatar da cutar, a buɗe sabon jerin sunaye, lissafi ya koma farko. Na biyu, tsoron kai wa iyali cuta, kuma tsoro ne mai hujja: a annobar Ebola ta Afirka ta Yamma ta 2014 zuwa 2016, ma'aikatan lafiya fiye da 800 ne suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Na uku, ƙiyayyar mutanen da ake ƙoƙarin ceto. A Satumban 2014 an kashe mutum takwas na wata tawagar wayar da kai a ƙauyen Womey na ƙasar Gini, a Afrilun 2019 kuma aka kashe Dokta Richard Mouzoko na Hukumar Lafiya ta Duniya a Butembo ta Kwango. Ko inda ba a kai ga haka ba, akwai zagi a waya, da jifan mota, da maƙwabcin da ya hana 'ya'yansa wasa da naka. Sai na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba: mutum ya san abin da ya dace, amma babu kayan yi. Mota ɗaya, kira uku. Ko kuma ka hana uwa taɓa gawar ɗanta, ka san dokar daidai ce, amma kukan matar ya bi ka har gida.

Taron bita kan juriya da koyar da jan numfashi ba laifi ba ne, amma wanda ya yi kwana goma sha takwas a jere yana aiki ba numfashi yake nema ba. Saboda haka a fara da jadawali.

Lissafin mai sauƙi ne. Mako yana da awa 168. Idan wuri yana buƙatar mutum dare da rana, kamar layin wayar karɓar rahoto ko ƙofar cibiyar killacewa, kuma ba ka son kowa ya wuce awa 48 a mako, to kujera ɗaya tana cin mutum uku da rabi. Ƙara masu jinya, da wanda aka killace, da wanda aka yi wa rasuwa, sai ka ga biyar ne adadin gaskiya. Duk wanda ya ɗora mutum biyu a kan irin wannan kujera ya riga ya rubuta musu awa 84 kowannensu, ko ya sani ko bai sani ba. Sauran ƙa'idojin da nake ganin bai kamata a yi ciniki a kansu ba su ne: kada duti ya wuce awa 12, kuma a lissafa lokacin miƙa aiki da na sa kayan kariya da cire su a ciki; a bar aƙalla awa 11 tsakanin tashi da dawowa; a ba da cikakkiyar rana ɗaya ta hutu a kowane kwana bakwai; kada dutin dare ya wuce uku a jere. Idan ana juya duti, a juya shi gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi saurin sabawa da jinkirta barci a kan gaggauta shi.

Wannan ba shagwaɓa ba ce. Wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin tunaninsa da na hannunsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. A wurin cire kayan kariya, inda kuskure ɗaya a tsarin cirewa kan sa mutum ya taɓa fuskarsa da gurɓataccen hannu, gajiya hanyar kamuwa ce kai tsaye. A wuri mai zafi kuwa, cikakkun kayan kariya irin na Ebola ba a jure su fiye da kamar awa ɗaya, daga nan sai a fito, a sha ruwa, a huta.

Ga inda jadawali mai kyau ke lalacewa. Ranar hutu tana nan a takarda, amma zauren WhatsApp na tawagar ba ya barci, kuma mai hutun shi kaɗai ya san inda wani fayil yake. Maganinsa shi ne kowane muhimmin aiki ya kasance mutum biyu sun iya shi tun makon farko, wayar kiran gaggawa kuma ta zama ta ofis, ana miƙa ta hannu da hannu, ba lambar wani ta ƙashin kansa ba. Wata ɓarakar ita ce mai ƙwazo shi ake ta ƙara wa kaya, don ba ya cewa a'a. Irinsa ne ke fara faɗuwa, kuma idan ya faɗi sai ya tafi da rabin ilimin tawagar. Sannan shugaban da ba ya hutawa ya hana kowa hutu ko da bai furta ba, domin ba wanda zai tashi ƙarfe shida alhali oga yana zaune har sha ɗaya. Shugaba ya sa sunansa a jadawalin hutu, ya naɗa mataimaki, ranar hutunsa kuma a neme shi a rasa.

Ayyuka masu nauyi a zuciya, irin su sutura da sanar da iyalai labarin mutuwa, a riƙa juya su. Mako biyu a can, mako ɗaya a sito ko wurin shigar da bayanai. Batun alawus kuma, ko da yake ba a sa shi a babin lafiyar ƙwaƙwalwa, yana cikinsa dumu-dumu. Wanda ya sa ransa a haɗari, wata biyu ba a biya shi ba, ba abin da mai ba da shawara zai faɗa masa ya shiga kunnensa. Idan kuɗin zai makara, a faɗi gaskiya da ranar da ake sa rai, kada a yi ta "gobe, jibi".

Bayan jadawali sai sa ido. A haɗa ma'aikata bibbiyu, sabo da tsohon hannu, kowa yana lura da ɗan'uwansa: ya ci abinci, ya sha ruwa, ya kira gida? Shugaba kuma ya ware minti biyar zuwa goma ga kowane mutum sau ɗaya a mako, a keɓe. "Lafiya dai ko?" ba tambaya ba ce, amsarta "lafiya lau" ce ko da mutum yana ƙonewa. A tambayi abin da ke da adadi: awa nawa ka yi barci jiya? Yaushe rabonka da hutu? Wane abu ne a makon nan ya ƙi fita daga ranka? Me zan ɗauke maka? Abin da ake nema shi ne canjin hali. Mai fara'a ya koma shiru, mai haƙuri ya fara yi wa mutane tsawa, mai tsabtar aiki ya fara kuskure a fom, wani ya fara zolayar matattu, wani kuma ya ƙi tafiya gida sam. Wannan na ƙarshen ana yawan yaba masa, alhali alama ce.

A makonnin farko bayan abu mai tayar da hankali, rashin barci da mugun mafarki da saurin firgita ba cuta ba ne, kuma ga mafi yawan mutane suna lafawa da kansu. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a jagorarta ta taimakon farko na kwantar da hankali a 2011 matakai uku ne: duba, saurara, sada. Duba wa ke cikin mawuyacin hali, saurare shi ba tare da matsa masa ya yi magana ba, sannan ka sada shi da abin da yake buƙata, ko abinci ne, ko wurin kwana, ko iyalinsa, ko likita. Kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne tara tawaga a ɗaki ɗaya washegarin mummunan abu, a ce kowa sai ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla. Bincike bai nuna wannan zama na sau ɗaya yana hana ciwo ba, wasu ma ƙara musu yake yi, kuma hukumar ba ta ba da shawarar yin sa. Taron duba aiki, na me ya tafi daidai da me za a gyara, wannan daban ne, a yi shi.

Kuskure na biyu ƙwaya ce. Ma'aikacin lafiya yana kusa da kabad ɗin magani, kuma diazepam, ƙwayar kwantar da hankali, na sa barci a daren farko. Amma jiki na sabawa da shi cikin 'yan makonni, yana dusashe tunani da safe, kuma hukumar ta ce kada a ba da irinsa don firgitar watan farko bayan tashin hankali. Haka shayi mai kauri da kofi da lemun ƙara kuzari: rabin sinadarin hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan kamar awa biyar, don haka a daina sha awa shida kafin lokacin kwanciya. Mai dutin dare zai fi amfana da gyangyaɗin minti ashirin a tsakiyar duti, da ɗaki mai duhu idan ya koma gida.

Idan ana son aunawa, akwai takardun tambayoyi gajeru. PHQ-9 tambaya tara ce kan ciwon damuwa, makinta daga 0 zuwa 27. GAD-7 tambaya bakwai ce kan fargaba, daga 0 zuwa 21. A dukkansu maki 10 ko fiye na nufin a tura mutum a duba shi sosai, ba wai an tabbatar yana da cuta ba. Sai dai sharuɗɗa biyu. Kada a raba takardar idan babu inda za a tura wanda makinsa ya hau, domin tono ciwo a bar shi a buɗe zalunci ne. Kuma kada sakamakon ya bi ta teburin shugaba. Ranar da ma'aikata suka ji an cire wani daga aiki, ya rasa alawus saboda abin da ya rubuta, daga ranar kowa zai riƙa cike sifili.

Lokacin tura mutum ga likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren mai ba da shawara a bayyane yake: ƙuncin rai da rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako biyu, mafarkai da gujewa wurin da abin ya faru da suka haura wata ɗaya, dogaro da ƙwaya ko barasa, kasa yin aikin da ya saba. Tunanin kashe kai kuwa ba ya jiran mako biyu. Idan ka yi zargi, tambaya kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi ga likita a ranar.

Idan abokin aiki ya kamu ko ya rasu, tawaga ta ji daga bakin shugabanta kafin ta gani a waya. A faɗi abin da aka sani game da yadda ya kamu ba tare da ɗora masa laifi ba, a ba na kusa da shi hutu, a kuma bar mutane su yi ta'aziyya yadda suka saba gwargwadon abin da dokar kariya ta yarda.

Sai ranar da aka ce annoba ta ƙare. A nan ake kwashe tantuna, kwangiloli su ƙare, masu ba da shawara su koma inda suka fito, kuma a nan ne da yawa ke fara jin abin da suka danne. Bayan annobar cutar numfashi ta SARS ta 2003, an bibiyi ma'aikatan asibitocin Toronto a Kanada fiye da shekara ɗaya bayan wucewarta, aka tarar gajiya da aiki da damuwa sun fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da na wani birni maƙwabci da bai yi jinyar masu cutar ba. Don haka tun ranar da ake rubuta kasafin yaƙi da annoba a ware kason bibiyar ma'aikata. Kowa ya samu hutu na gaske kafin ya koma bakin aikinsa na da, a biya shi bashin alawus, a kira shi bayan wata ɗaya, da wata uku, da wata shida. Jerin sunayen kuma ya haɗa da 'yan sa-kai da direbobi da masu sutura, domin su ne ba su da ofishin da za su koma, kuma lambobinsu ne ke fara ɓacewa idan aka rufe fayil.