Duba shekarar littafin kafin ki dama wa jariri kunu

Juma'ar da ta wuce na shiga gidan ƙanena a nan Gadarif ta Sudan, na tarar da 'yarsa tana ɗura wa jaririnta madida, wato kunu, da ƙaramin cokali. Yaron watansa huɗu da 'yan kwanaki. Na ce wa ya ce ki fara? Sai ta miƙo mini waya. Hoton shafi ɗaya ne na wani littafin raino, ba bango, ba sunan marubuci, ba shekara. "Gwaggo, ai likita ne ya rubuta." Na tambaye ta batun tazarar haihuwa, ta ce mai shayarwa ai ba ta ɗaukar ciki. Gabana ya faɗi, don maganganun nan biyu su suka kayar da ni shekara talatin da suka wuce, alhali ina ungozoma da takardata a hannu.

Ba rashin karatu ya jawo mini ba. Karatun ne na yi shi don gardama. Na san hadisin Jabir da ke Bukhari da Muslim, cewa sahabbai suna azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka. Na san dalilan da Gazali ya lissafa a Ihya, har da jin tsoro ga lafiyar mace. Na haddace matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988: tazara ta ɗan lokaci da yardar miji da mata ta halatta, tsayar da haihuwa ɗungurungum bai halatta ba sai da larura, hukuma kuma ba ta da hurumin yanke wa mutane adadin 'ya'ya. Littafin Abdurrahim Umran na 1992, wanda ya tattaro tarihin tsarin iyali a Musulunci, sai da gefensa ya yi baƙi a hannuna. Da shi nake rufe bakin duk wanda ya ce abin na Turawa ne. To a 1988 ɗin nan dai masana suka zauna a Belajiyo ta Italiya suka fitar da sharuɗɗan da shayarwa ke hana ciki da su, wannan kuwa ban neme shi ba, don ba ya cin gardama.

Sharuɗɗan uku ne, kuma dole su haɗu. Jariri bai cika wata 6 ba. Nono zalla yake sha dare da rana, ba ruwa ba kunu, kada tsakanin sha da sha ya wuce awa 4 da rana ko awa 6 da dare. Al'ada kuma ba ta dawo ba. In sun cika, kariyar takan kai kashi 98 cikin 100. Ɗaya ya faɗi, magana ta ƙare. Tsotson yaro ne ke danne fitar ƙwai, da zarar ya ragu jiki ya koma aikinsa, kuma ƙwai na iya fita kafin a ga jinin farko. Shi ya sa mace ke rantsuwa ba ta ga al'ada ba, ga ciki wata biyu.

Ni ga yadda tawa ta warware. Katin awon da muke amfani da shi an gina shi ne a kan ma'aunin Amurka na 1977, wanda yawancin jariran da aka auna madarar gwangwani suke sha. Mai shan nono yakan yi saurin ƙiba a wata biyu ko ukun farko, daga nan ya sassauta. A kan wancan kati sai ka ga layinsa yana kwanciya kamar yana ramewa, alhali lafiyarsa ƙalau. Na ga na ɗana ya kwanta, na buɗe littafi, ya ce a fara abinci daga wata 4. Na fara. Ya ƙoshi da kunun dawa, ya daina tashi shan dare, na ji daɗin barci. Yana wata 7 na yi kwanika.

Wani lokaci ina kare kaina, kuma ina da hujja. Littafin bai yi ƙarya a zamaninsa ba, don Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta wata 4 zuwa 6 take cewa, sai a 2001 ta tsaya a kan 6 cif. Sabon ma'aunin girma, wanda aka gina a kan masu shan nono daga ƙasashe shida har da Gana da Oman, bai fito ba sai 2006. Ga zafin Afrilu a garin nan, wa zai ga jariri yana gumi ya hana shi ruwa? (Ba ya buƙata, mafi yawan nono ruwa ne, amma je ki faɗa wa surukarki.) Sai dai abin da ya biyo baya ba ni da bakin kare shi. Aka ce nonon mai ciki guba ne, na yaye shi dare ɗaya na kai shi ɗakin kakarsa. Alhali hadisin Judama 'yar Wahbu a Muslim yana cikin abin da na karanta: Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, wadda malamai suka fassara da saduwa da mai shayarwa ko shayarwa da ciki, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu. Na haddace shi don majalisa, ban kawo shi ɗakina ba. Bayan wata uku ƙafafun yaron suka kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya tsaya, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Kwashiyoko ke nan, sunan da likita Sisili Wiliyams ta ɗauko daga harshen Ga na Gana, cutar yaron da ƙani ya ture daga nono. Allah ya tashe shi, amma da ƙyar.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, ga abin da ya fito. Littafin da ba ki ga shekararsa ba, rufe shi. Tana bayan shafin take, juyawa ɗaya ce, amma ku yaran yanzu hoton rabin shafi ya ishe ku ku tura wa mutum arba'in. Littafin tarihi ba ya tsufa, na raino kuwa yana lalacewa kamar magani. Akwai tsofaffin da ke cewa a kwantar da jariri rub-da-ciki, yau an san hakan na ƙara haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci, rigingine ake kwantar da shi.

Kada kuma ki auna ɗanki da jadawalin wata-wata. A binciken 2006 ɗin nan, zama ba tallafi yana zuwa tsakanin wajen wata 4 da wata 9, tafiya tsakanin wata 8 da kusan 18, wasu ma ba sa rarrafe sam. Amma in ya cika shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ki bar littafi ki tafi asibiti. Daga wata 6 a riƙa auna damtsensa da tsirin awo: ƙasa da santimita 12.5 tamowa ta fara, ƙasa da 11.5 ta yi tsanani.

Tazarar da ake so wata 24 ce daga haihuwa zuwa ɗaukar wani ciki, kusan abin da aya ta 233 ta Baƙara ta ambata na shayarwa, kuma nono kaɗai ba zai kai ki can ba. Ki zauna da mijinki tun kafin wata 6. Ƙwayar masu shayarwa tana son lokaci ɗaya kullum, in an makara fiye da awa 3 sai a ƙara wata kariya kwana 2. Allurar wata uku ba ta taɓa nono, amma bayan an daina ciki kan yi jinkirin watanni, a sani tun farko. Na so in ce ku koma ga tsofaffi, don su da mace ke goyo a gidan iyayenta ba su san kwanika kamar mu ba. Sai na tuna su ne ke matse dakashi su zubar. Ku tambaye su, amma ban da wannan, ban da zuma kafin shekara.

'Yar tawa ta ajiye cokalin, ta ce za ta yi magana da baban yaron. Da zan fita na ga kwanon madidar a rufe a gefen gado, ba ta zubar ba.