Kafin ka dubi launi, tambayi watan da aka ɗauki hoton

Aikin da aka ba mu a sashen nazarin halittu a nan Katsina shi ne tantance hotunan ƙananan tsuntsaye da abokan karatu ke ɗaukowa daga bakin dam ɗin Ajiwa da na Jibia da gonakin bayan gari: wane iri ne, namiji ne ko mace, babba ne ko ɗan bana. Malaminmu ba ya barin kowa ya buɗe baki sai an faɗa masa watan da aka ɗauki hoton.

Mulufi ne ya sa na gane hikimar hakan. Da damina namijin ja ne wur, cikinsa baƙi ƙirin, yana kan karan dawa yana kumbura gashi. Kaka na wucewa sai ya zubar da wannan adon, ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane, kamar macen. Wanda ya ga hoton Janairu ya rubuta "mace" saboda babu ja, to ya yi gaggawa. Haka jan baki, wanda manoma ke wuni suna kora daga gero: lokacin sheƙa fuskar yawancin mazan kan yi baƙi, bakin macen kuma ya koma rawaya.

Asisi na fi daɗewa a kai, don ina ƙaunar tsuntsun nan. Namiji yana da jan tabo a kunci, mace ba ta da shi, wannan kowa ya sani. Amma ɗan bana ma ba shi da tabon, ko da namiji ne. Sai ka bi shuɗin jikin ka ga inda ya tsaya. A mace ya sauko ƙirji har gefen ciki, a yaro kuwa fuska da maƙogwaro kawai ya rufe. Sannan ka ƙara girman hoton ka dubi inda baki ya haɗu da fuska. In akwai ɗan kumburi mai haske, bai daɗe da barin sheƙa ba.

Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai wajen Satumba da Oktoba sun fi wuya. Shekarunsu a fiffike ake karantawa: a ɗan bana sau da yawa za ka ga sabon gashi da tsoho jere a layi ɗaya, gashin jelarsa kuma ya fi na babba tsini. Masu sa wa tsuntsaye zoben shaida a ƙafa a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos suna buɗe fiffiken da hannu su gani. Mu hoto kawai gare mu, ga hazon hunturu yana kashe launi, shuɗi ya zama toka-toka.

Shi ya sa yanzu nake roƙon masu ɗauka kada su goge hoton da suke ganin bai yi kyau ba. Wanda tsuntsun ya juya baya ko ya buɗe fiffike zai tashi, sau da yawa shi ke raba mana gardama.