Ramin huda ɗaya ba mahaƙa ba ne

Duk lokacin da wani ƙaramin kamfanin neman zinare a kasuwar TSX Venture ta Kanada ko ASX ta Ostareliya ya fitar da sakamakon huda ƙasa, kafin a yi awa guda farashin hannun jarinsa ya harba ko ya faɗi. Yawancin masu saye kan labarin kawai suka karanta. Waɗannan kamfanoni ba su da mahaƙa, ba sa sayar da ko oza ɗaya ta zinare, kuɗin shiga babu. Abin da suka mallaka shi ne lasisin bincike, masana duwatsu, da kuɗin masu zuba jari da suke binnewa a ƙasa mita bayan mita. Saboda haka lambobin da ke cikin sanarwa su ne hajar da ake ciniki a kai, kuma ya kamata mai saye ya iya lissafa su da kansa.

Ga yadda ake samun lambar. Injin huda mai baki na lu'ulu'u yana yanko sandar dutse mai kaurin milimita 47.6 ko 63.5, gwargwadon girman bakin. A jera ta cikin akwatuna, a tsaga ta biyu a tsaye, rabi a ajiye, rabi a aika ɗakin gwaji irin na ALS ko SGS, galibi mita ɗaya-ɗaya. Can za a niƙe dutsen, a ɗebi giram 30 ko 50 kacal, a narka da wuta a auna zinaren. Sakamakon yana fitowa da giram nawa ne a cikin tan ɗaya na dutse. In ka ga "mita 12 a giram 5", ana nufin tsawon mita 12 na sandar ya ba da matsakaicin giram 5 a kowane tan.

Lissafin farko shi ne a ninka giram da mita. Mita 12 a giram 5 ya ba da 60. Mita 60 a giram 1 ma 60 ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Giram 1 na iya biyan kuɗin haƙa idan dutsen yana kusa da doron ƙasa, inda za a buɗe ƙaton rami a kwashe da manyan motoci. Idan giram 1 ɗin nan yana zurfin mita 600, babu mai shiga ƙarƙashin ƙasa dominsa, don aikin ƙarƙashin ƙasa yana buƙatar giram da yawa kafin ya mayar da kuɗi. Don haka a duba daga wane zurfi aka fara cin karo da zinaren.

Inda aka fi yaudarar mutane shi ne kalmar "ciki har da". A ce sanarwa ta ce mita 100 a giram 1, ciki har da mita 1 a giram 80. Jimilla 100 ke nan, mita ɗaya tak ta ɗauke 80. Saura 20 a raba wa mita 99, ka samu kusan giram 0.2, wato dutsen da za a zubar. Siririyar jijiyar zinare ce aka shafa albarkarta a kan dutse marar komai don kan labari ya yi kyau. Wannan lissafi bai wuce minti biyu ba, kuma a ganina babu uzuri ga wanda ya sa kuɗinsa bai yi shi ba.

Sai batun kauri. Tsawon da aka gani a sanda ba lalle ne ya zama kaurin jijiyar na gaskiya ba. In ramin ya ratsa jijiya a karkace da kusurwar digiri 30, mita 10 a sanda mita 5 ce a ƙasa. In kuwa injin ya bi jijiyar a tsawonta, jijiya mai kaurin mita 2 za ta iya fitowa kamar mita 40. Kamfanin da ke da gaskiya yana rubuta kiyasin ainihin kauri a ƙasan jadawali, ya kuma sa taswira da zanen da ke nuna yadda ramin ya ratsa jijiyar a ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma matsalar zinare mai manyan ƙwayoyi: ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin giram 30 da aka ɗiba sai sakamako ya yi tashin gwauron zabi, ɗaya rabin sandar kuma a auna a ga kusan babu. Shi ya sa masu lissafin arzikin ƙasa suke yanke manyan lambobi zuwa wani iyaka, kuma ake sake gwaji da samfur mafi girma.

Zinare mai yawa a dutse ma bai isa ba sai an iya fitar da shi. Wani yana narkewa cikin ruwan sayanaid ba wahala, a samu sama da kashi 90 cikin ɗari. Wani kuma yana kulle cikin ma'adinai masu farar wuta, sai an gasa dutsen ko an dafa shi cikin tukunyar matsi, abin da ke buƙatar masana'anta mai tsadar gaske. Kamfanin da ya shekara uku yana huda bai taɓa fitar da gwajin tacewa ba, a tambaye shi dalili.

Don a ga nisan da ke tsakanin rami mai kyau da mahaƙa, a ɗauki jijiya mai tsawon mita 500, zurfin mita 200, kaurin mita 10. Dutsen ya kai tan miliyan 2.7, idan kowane curin dutse mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi yana da nauyin tan 2.7. A giram 2, an samu giram miliyan 5.4. Raba da giram 31.1, nauyin ozar zinare, ka samu oza wajen 174,000. Hakan ya yi wa babban kamfani kaɗan, kuma kafin a tabbatar da shi sai an huda ramuka da dama kusa da juna.

Dokokin bayyana sakamako ba haka kawai suka zo ba. Kamfanin Bre-X na birnin Calgary ya yi iƙirarin oza miliyan 71 a Busang da ke tsibirin Borneo na Indonesiya, darajarsa ta haura dalar Kanada biliyan 6. A watan Maris na 1997 kamfanin Freeport-McMoRan ya huda nasa ramukan a wurin bai ga abin kirki ba, daga baya ta tabbata barbaɗa zinare ake yi a kan samfur kafin a kai gwaji. Bayan wannan ne Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101 a 2001, wadda ta wajabta ƙwararren masani ya sa sunansa a kan duk bayanin da aka fitar. Ostareliya tana da ƙa'idar JORC tun 1989. Waɗannan sun rage ƙarya tsagwaronta, amma ba su hana zaɓar lamba mafi daɗi a sa ta a sama ba. A nemi ramukan da aka ce "babu abin a zo a gani", a ƙirga su.

Sannan a leƙa baitulmalin kamfanin. Huda na cin ɗaruruwan daloli kowace mita, kuma babbar hanyar samun kuɗi ita ce buga sababbin hannayen jari. Kamfani mai hannun jari miliyan 100 da ke neman dala miliyan 5 a kan santi 25 zai fitar da miliyan 20, sau da yawa haɗe da takardun izinin sayen wasu miliyan 10 nan gaba a kan tsayayyen farashi. Wanda ke da kashi 1 cikin ɗari ya koma 0.83, in an yi amfani da takardun ya koma 0.77. A Kanada waɗanda suka saya ta wannan hanya ba sa iya sayarwa sai bayan wata huɗu, kuma idan wa'adin ya cika akan ga farashi ya sauka, domin wasu suna sayar da hannun jarin su riƙe takardun izinin. Ba abin mamaki ba ne sanarwar neman kuɗi ta biyo bayan kyakkyawan sakamako da 'yan kwanaki.

Ana dacewa wani lokaci. Kamfanin Great Bear Resources ya yi ta huda a filin Dixie kusa da Red Lake a lardin Ontario na Kanada, har babban kamfanin haƙar zinare Kinross ya amince ya saye shi a Disambar 2021 kan kusan dalar Kanada biliyan 1.8, tun kafin a fitar da kiyasin arzikin wurin a hukumance. Abin da ya ja hankalin Kinross shi ne ɗaruruwan ramuka da suka riƙa cin karo da zinare a jere tsawon kilomitoci, kowane sabon rami da aka matsa gaba yana tabbatar da na bayansa.